Yaran Rumfar Goggo

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Goggo, yayar mahaifina, ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, a ƙauyen da ke bakin kogi, kusa da Rusairis.

Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba. Shi ya sa dattawan unguwa suka ɗauka jana'izarta ta mutum kaɗan ce. Amma kafin a gama yi mata wanka, samari sun riga sun tafi maƙabarta da diga da shebur. Da masu haƙar kabari na ƙauye suka isa, sun tarar ramin ya kai gwiwa. Wani dattijo ya ce wa yaran su ba manya wuri, ƙasar wurin tana da tauri. Yaron da ke cikin ramin, wanda bai wuce shekara goma sha biyar ba, bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Baba, mu mun saba." Dattijon ya ja da baya ya tsuguna.

A cikin gida kuma 'yan mata ne suka cika tsakar gida. Wata mata da ta zo gaisuwa daga Abu Na'ama ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonmu, ta tambayi ta kusa da ita, "Waɗanga duk jikokinta na?"

Aka ce mata, "Marayun yaƙi na."

Sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana kama hannunmu tana cewa, "Albaraka fikum," kamar yadda ake yi wa 'ya'yan mamaci. Ita kaɗai ce ta yi mana haka a ranar. Wasu matan kuwa sun ga mun zauna a zagaye, babu mai kururuwa, babu mai faɗuwa ƙasa, sai na ji ɗaya tana raɗa wa 'yar'uwarta cewa tsohuwar ta koya mana taurin zuciya. Maganar ta tsaya mini a rai, ita ce ta sa na zauna rubuta wannan, don kada waɗanda ba su san Goggo ba su zama su ne masu ba da labarinta.

Mu mutanen Jazira ne. Ƙauyenmu yana gefen Hasahisa, inda Baba yake noman hawasha, wato gonar ban-ruwa, yana shuka auduga da dawa a bakin magudanar ruwa. Da yaƙi ya iso wurinmu, masu bindiga sun shigo da rana tsaka. Suka nemi injin ban-ruwa da buhunan dawa. Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana yi musu magana a hankali, suka harbe shi. Yayana, ɗan farin Inna, suka jefa shi bayan mota suka tafi da shi. A tsakar gida muka binne Baba, domin babu mai iya kaiwa maƙabarta. Daga nan muka kama hanyar kudu, ni da Inna da ƙannena, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan babbar mota, har muka isa gidan Goggo. Ina da shekara goma sha shida.

Ta fito da sandarta ta dube mu, ta duba bayanmu, ta ga babu kowa. Ba ta tambaya ba. Ta ɗebo ruwa a randa ta fara ba Inna.

Ƙauyen ya cika da irinmu. Makaranta ta cika, harabar masallaci ta cika. Manya suna fama da neman abin da za a ci. Idan masu gaisuwa sun zo, manya ake yi wa ta'aziyya, ƙanana kuma a ɗauke su a rarrashe su. Mu na tsakiya sai a ce mu tashi mu ɗebo ruwa. Ni abinci ya daina shiga mini. Ina zaune sai in ji ƙarar mota, in ga kaina a ƙarƙashin gado ban san lokacin da na shiga ba. Babu wanda na gaya wa, don Inna tana da nata.

Goggo ce ta lura da mu. Wata rana ta ɗauki sandarta ta shiga makaranta aji-aji, tana ce wa iyaye, "Hannuwana sun gaji. A ara mani yaro ya ɓare mani gyaɗa." Ba kowane yaro take nunawa ba. Sai wanda ta ga yana zaune shi kaɗai yana kallon bango. Da la'asar muka taru a rumfar karan da ke bayan ɗakinta, maza a tabarma ɗaya, mata a ɗaya, buhun gyaɗa a tsakiya. Sai daga baya muka gane cewa gyaɗarta ta ƙare tun a makon farko. Ta maƙwabta take karɓowa don kada aikin ya yanke.

Da farko babu mai magana. Ƙarar ɓawon gyaɗa kawai ake ji. Ita kuma tana gefe tana soya kofi a kasko, ta daka da citta, ta dafa jabana, kofinmu na gargajiya, ta zuba mana a ƙananan kofuna. Sukari kam ba ta sakinsa, ko kafin yaƙi an san ta da haka. Ba ta ce wa kowa ya faɗi abin da ya same shi ba.

Ranar da ta fara, da labarin Baba ta fara. Ta ce yana yaro ya taɓa faɗawa magudanar ruwa yana gudun kwaɗo, ita ta tsamo shi, ta kuma zane shi. Sai ta juyo wurina ta ce, "Ke, ɗiyar ƙanena, har ya tsufa yana tsoron kwaɗo?"

Na ce, "Har ya tsufa, Goggo. In ya gani a hawasha, sai ya kira Yaya."

Na yi dariya. Dariyar ba ta ƙare ba ta koma kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar da muka binne shi. Wata yarinya da ke kusa da ni ta dafa ni ta ce, "Malesh."

Goggo ta buga sandarta a ƙasa. "Nan ba a cewa malesh. Ba a cewa yi haƙuri. Kun sha su waje har sun ishe ku. Ku bar ta ta gama."

Suka bar ni na gama. Da na ɗago kai na ga wani yaro yana share fuska da bakin riga. Ranar na ci kisra biyu, gurasar dawa mai faɗi.

Haka dokokinta suka riƙa zuwa, kowace a ranar da aka buƙace ta. Da wata ta kai maganar wani yaro bakin rijiya, Goggo ta kira ta gaban kowa ta ce abin da aka faɗa a rumfa a rumfa yake kwana. Da wani ya ce wa wata ai ita mutum ɗaya ta rasa, shi uku, sai ta ce, "Ba kasuwa munka zo ba da za a auna." Yaran sauran gidaje suna kiranta Haboba, wato kaka da Larabci. A waje takan yi mana faɗa idan mun amsa mata da Larabci, ta ce mun zubar da harshen kakanninmu a hanya. Amma a rumfa ba ta taɓa gyara wa kowa ba. "Kowa shi yi kuka da harshen da ya zo mashi," in ji ta.

Akwai wata yarinya daga Dinder da ba ta magana ko kaɗan. Mahaifiyarta ta rasu a hanya, ita kaɗai ce a wurin. Takan zo, ta ɓare gyaɗa, ta tafi. Goggo ba ta taɓa matsa mata ba, sai dai kullum ita take fara miƙa wa kofi. Bayan damina ta wuce, wata rana ana cikin maganar wani abu daban, sai yarinyar ta ce da Larabci, murya ƙasa-ƙasa, "Ban rufe mata ƙafa ba."

Gawar mahaifiyarta take nufi.

Ta ce, "Mayafin bai kai ba. Na rufe fuska, ƙafa ta fito. Na rufe ƙafa, fuska ta fito. Motar za ta tashi. Sai na bar ƙafar."

Na dubi Goggo ina jiran ta yi magana. Ba ta yi ba, wutar kasko take gyarawa. Can sai wani yaro daga tabarmar maza ya ce, "Mu da buhun taki munka rufe babanmu." Wata ta ce su ganye suka ɗora wa kakarsu. Wani ya ce shi bai ma tsaya ba, gudu ya yi, har yau bai san wanda ya binne ƙanensa ba. Yarinyar Dinder tana binsu da ido ɗaya bayan ɗaya, kamar ranar ta fara ganinsu.

Bayan an watse na tambayi Goggo me ya sa ta yi shiru. Ta ce, "In ni na ce mata ba laifinta ba na, za ta ce tsohuwa tana rarrashina. In wanda ya yi irin nata ya faɗi, ba ta da yadda za ta musa."

Amma ta san inda ƙarfinta ya tsaya. Da yarinyar ta fara yawan zama a bakin kogi ita kaɗai, tana cewa ta gaji da rayuwa, Goggo ba ta jira la'asar ba. Ta samu amalanken jaki zuwa bakin titi, ta kai ta Damazin wurin wata ma'aikaciyar lafiya da ta karanci irin wannan ciwo. Da ta dawo ta ce mana, "Wanga ya fi ƙarfin gyaɗa. Duk wanda ya ji irin haka a ranshi, ko ya ji ɗan'uwanshi ya faɗi, shi zo shi gaya mani. Wannan kaɗai na ba sirri ba." Yarinyar tana nan da rai. Ita ce ta riƙe butar ruwa ranar wankan Goggo.

Ba kowa ta iya riƙewa ba. Ɗan maƙwabcinmu na Jazira, wanda muka yi gudu tare, a gabansa aka kashe mahaifinsa da wansa. Shi ba ya kuka. Yana zuwa rumfa, yana ɓare gyaɗa da ƙarfi har ƙwayar ta fashe. Idan ya yi magana, fuskokin waɗanda suka kashe su yake kwatantawa, wanda yake da tabo a goshi, wanda ya yi dariya. Wata rana ya ce ana ɗaukar samari a ba su bindiga, shi ma zai je.

Goggo ta ce, "In ka tafi, wa za ya kai uwarka asibiti?"

Ya ce, "Haboba, ke ba ki gani ba."

"Ban gani ba. Gaya mani."

Ya gaya mata duka, a gabanmu, har wasu suka toshe kunne. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Fushinka gaskiya na. Ban ce ka aje shi ba. Na ce ka kawo shi nan kullum, mu ɗauka tare da kai, har ka kai shekarun da za ka san abin da za ka yi da shi."

Ya ci gaba da zuwa na ɗan lokaci. Ta ba shi aikin gyaran rumfa, ta aike shi kasuwa, ta je wurin kawunsa ta roƙe shi ya sa masa ido. Wata safiya mahaifiyarsa ta tashi ba ta gan shi ba. Kafin kaka ta zagayo labari ya zo cewa an kashe shi a wani wuri da ko sunansa ba mu taɓa ji ba.

Goggo ce ta kawo mana labarin da bakinta. Ranar ba ta hura wuta ba. Ta zauna a tabarma kamar ɗaya daga cikinmu, ta ce, "Yau ni ka magana. Na kasa. Na yi abin da na sani, bai isa ba." Ta yi kuka, bakinta da babu haƙora yana rawa. Ba mu taɓa ganin hawayenta ba. Yarinyar Dinder ta matsa ta jingina da ita, muka zauna har aka kira magariba.

A ranar ne Goggo ta gaya mana nata. Ta taɓa haihuwar ɗa guda. Yana kamar shekarunmu kogi ya cika, ya shiga tsamo akuya, ruwa ya tafi da shi. Ba a ga gawar ba. Bayan kwana uku na zaman makoki aka naɗe tabarmi, dangin mijinta suka ce mace mai imani ba ta ƙara tayar da maganar. Ta yi shiru kamar yadda aka ce. "Shekaru ina dafa abinci ina zuba nashi, in ɓoye kada a gani. Ba wanda ya ce mani zauna ki gaya mani yadda yake."

Goggo ba mai sauƙin hali ba ce, ba zan ɓoye ba. Bakinta yana da kaifi, kuma ban taɓa jin ta ba wani haƙuri ba. Rigimarta mafi zafi da Inna suka yi ta, a kaina.

Wata rana a rumfa na yi maganar Yaya, na ce yana son shayi mai kauri, Allah Ya jiƙansa. Addu'ar fita ta yi kawai, ban shirya ta ba. Ƙanwata tana bayan zana ta ji, ta kai wa Inna. Inna ta fito da ludayi a hannu. Ita da ba ta taɓa ɗaga wa yayar mijinta murya ba, ta tsaya a bakin rumfa ta fuskanci Goggo.

"Goggon yara, abin da kike koya masu ke nan? Su binne mani ɗa da ranshi?"

Duk rayuwata ban taɓa jin Inna ta ce "ɗana" game da Yaya ba, saboda kunyar ɗan fari. Ko sunansa ba ta kamawa. Ranar ta kira sunansa a gaban yara har sau biyu.

Goggo ta ce, "Ban koya mata ba. Abin da ke ranta ta faɗi. Ke ma zo ki zauna."

"Ban zama. Ɗana bai mutu ba."

"Ni ma na jira, uwar yara. Na san yadda jira yake cin mutum."

Inna ta ce, "Naki kogi ya ci, kowa ya gani. Nawa mota ya hau da ranshi. Kada ki haɗa."

Goggo ta buɗe baki, na ga maganar da za ta fito mai zafi ce. Sai ta haɗiye ta. Ita ce kaɗai ranar da na ga ta haɗiye magana. Inna ta hana ni zuwa rumfa, na yi biyayya. Ina cikin ɗaki ina jin ƙarar gyaɗa ta bango. Da Inna ta ga na koma shiga ƙarƙashin gado, wata la'asar ta ce mini ba tare da ta kalle ni ba, "Tashi ki tafi. Amma kada ki ƙara yi mashi addu'ar matattu." Na yi mata alkawari. Ita da Goggo suka ci gaba da zama gida ɗaya, suna gaisawa, suna cin abinci a kwano ɗaya, ba su ƙara taɓa maganar ba. Ba zan ce sun shirya ba. Ba zan kuma ce Inna ba ta da gaskiya ba.

Tun rasuwar ɗan maƙwabcinmu jikin Goggo bai koma daidai ba. Tana da hawan jini, maganin kuma ya yanke a ƙauye, a Damazin ma sai an dace. Ƙafafunta suka kumbura. Ta daina iya zama a tabarma, sai samari su ɗauko ta a kan gadonta na igiya su ajiye a rumfa. Tana kwance ido rufe, mu ɗauka barci take yi, sai wani ya katse wa wani magana, mu ji ta ce, "Bar shi shi gama." Daga baya wannan ma ya gagare ta.

Inna ce ta yi jinyarta. Ita ke juya ta, ita ke ba ta kunu da cokali, ita ke wanke mata zane. Ina wurin safiyar ƙarshe. Goggo ta kama hannun Inna ta riƙe, tana kallonta, leɓenta yana motsi. Inna ta sunkuya ta kasa kunne. Ban san abin da ta ji ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ga ta gyaɗa kai sau ɗaya, sannan ta fara laƙƙana mata kalmar shahada.

Bayan sadakar bakwai wani mutum ya yi sallama a ƙofar gida da wani yaro a bayansa, siriri, idanunsa a ƙasa. Ya ce daga wajen Sinja suke, yaron ɗan ƙanensa ne, tun da aka kashe iyayensa bai ƙara barci sosai ba. An gaya masa akwai wata tsohuwa a nan da yara ke zama wurinta.

Na ce masa ta rasu.

Ya yi salati, ya ɗaga hannu muka yi Fatiha. Ya juya zai tafi, yaron ya bi shi. Na tsaya ban san abin da zan yi ba. Ni ba Goggo ba ce, ban san lokacin yin shiru ba, ban san lokacin tambaya ba. Sai na ji motsi a bayana. Inna ce ta fito da tabarma biyu a hammata, ta wuce mu ta shimfiɗa su a rumfa, ta koma ɗaki. Na kira mutumin na ce ya bar yaron zuwa magariba. Na aika ƙanwata ta kira sauran. Mun zauna da shi. Bai yi magana ba, mu ma ba mu yi da yawa ba. Washegari ya dawo da kansa.

Ban san tsawon lokacin da za mu iya ba. An ce hanya ta buɗe, mutane sun fara komawa Jazira, kowace mota da ta tashi tana ɗauke mana mutum ɗaya ko biyu. Inna ma ta fara ɗaure kaya. Ta ce idan Yaya ya kuɓuta, gida zai nufa, bai kamata ya tarar da ƙofa a rufe ba. Za mu koma gidan da kabarin Baba yake a tsakar gida, mu bar na Goggo a nan bakin kogi.

Allah Ya gafarta wa Goggo, Ya yalwata mata kabarinta, Ya haɗa ta da yaronta da ruwa ya tafi da shi. Allah Ya jiƙan Baba, da ɗan maƙwabcinmu, da duk waɗanda aka rufe a gefen hanya da abin da aka samu. Yaya kuwa, na riƙe alkawarin da na yi wa Inna, da bakina addu'ar masu rai nake yi masa. Ɗayar a zuci nake yin ta.